Tallata Wasa da Adana Shi a Dandamalin Jami'a: Wanne Za a Fifita?

'Yar Aji Uku

Assalamu alaikum malamai da yayyena na wannan zaure. Sashenmu zai ɗora wasan kwaikwayo a ƙarshen zangon nan, dare uku a jere, kuma ni aka ɗora wa aikin talla da ɗaukar hoto. Abin da ke hannuna kyamara ɗaya ce ta sashe, sai wayoyin 'yan ajinmu, sai ɗan kuɗin da aka ware wanda ba zai isa komai da komai ba. Kan 'yan kwamiti ya rabu. Wasu sun ce a zuba ƙarfi a kan fosta da gajerun bidiyo don zaure ya cika. Wasu sun ce a naɗi wasan daga farko har ƙarshe a ajiye. Akwai kuma masu cewa a haska shi kai tsaye a Facebook, wai hakan ya haɗa talla da ajiya a lokaci guda. Don Allah waɗanda suka san aikin nan su ba ni shawara.

Mai Kyamara

Wa alaikumus salam ƙanwata. Fara cire Facebook daga lissafin ajiya. Tun watan Fabrairun 2025 kamfanin ya sanar cewa bidiyon da aka haska kai tsaye kwana 30 zai yi a shafi, daga nan a goge shi, sai fa in mai shi ya sauke ya adana. Ko ba a goge ba, abin da ke fita ta intanet an matse shi, hoto ya dushe, sauti ya shaƙe. Haka WhatsApp yake rage wa hoto ƙarfi kafin ya iso gare ki. Duk wanda zai turo miki hoto ya turo shi a matsayin fayil.

Tsohon Darakta

Ni ina tare da masu cewa a cika zaure. Na shirya wasanni lokacin da nake ɗalibi, kuma babu abin da ke karya zuciyar ɗan wasa kamar ya yi wata biyu yana hadda da gwaji, a buɗe labule ya ga kujeru sun fi mutane yawa. Muryarsa ma sai ta canza. Inda ya kamata a yi dariya a ji shiru, sai ya fara sauri don ya gama ya sauka. To me za ki naɗa a irin wannan dare? Wasan da bai kai rabin yadda aka shirya shi ba. Kuɗin ya tafi ga talla, ajiya a yi ta da abin da ya samu.

Ɗan Wasa

Yaya ya faɗi gaskiya, sai dai talla a cikin jami'a ta fi cin ƙafa da baki a kan kuɗi. Yawancin masu zuwa kallonmu akwai wanda suka sani a cikin wasan: abokin ɗaki, 'yar aji, wanda suke karatu tare. Idan mutum ashirin ne a wasa, har da masu kaya da masu fitila, kowa ya jawo goma, kin ga an yi nisa. Saboda haka ki haɗa wa kowane ɗan wasa hotonsa shi kaɗai cikin kayan wasa, da sunan da zai fito da shi, da rana da lokaci a ƙasa. Mutum ba ya gajiya da ɗora hoton kansa, amma fostar kowa da kowa sau ɗaya zai ɗora ya manta.

Sannan a roƙi malaman wasu sassa minti biyu kafin lakca ta fara. Mutum biyu su shiga cikin kayan wasa su yi 'yar gajerar fitowa, su tsaya daidai inda rigima ta ɗauko, su ce sauran sai a zaure. Gani ya kori ji. In jami'arku na da gidan rediyo, darakta ya je a yi hira da shi. Kuma a duba jadawalin jarrabawa kafin a tsayar da rana, domin duk kyan tallarki, ɗalibin da ke da jarrabawa da safe ba zai zo ba.

Ma'aikaciyar Laburare

'Yata, kafin ki kai fostar nan wurin bugawa, ki tabbata an rubuta shekara. Na sha karɓar tsofaffin fostocin wasanni masu ɗauke da rana da wata da ƙarfe kaza, ba shekara, ba sunan marubuci. Mai talla gani yake kowa ya san shekarar da ake ciki. Lokaci na ja, sai a rasa wanda zai iya cewa ga sanda aka yi wasan.

Kuma ban yarda da yadda aka raba maganar gida biyu ba, wai ko talla ko ajiya. Fosta, tikiti, takardar sunayen 'yan wasa da ake raba wa 'yan kallo, hotunan da ɗana Ɗan Wasa ya ce a yi wa kowa, hirar rediyo, yau kayan talla ne, gobe su ne tarihin wasan. Abin da ake buƙata mutum ɗaya ya riƙa ware kwafi yana sawa a kundi tun ranar gwaji na farko.

Ga Tsohon Darakta da ya ce ajiya a yi ta da abin da ya samu. Shakespeare ya rasu a 1616. A 1623 abokan aikinsa biyu 'yan wasa, John Heminges da Henry Condell, suka tattara wasanninsa 36 aka buga a littafi guda, kuma 18 daga ciki ba a taɓa buga su ba kafin nan, har da Macbeth. An yi Macbeth a gaban jama'a, an tafa, an watse. Da mutanen nan biyu ba su zauna sun yi aikin tattarawa ba, da wataƙila ba wanda ke koyar da shi a aji yau. Sophocles na Girka ya rubuta wasanni sama da 120, bakwai ne suka iso gare mu cikakku. Kaso mai yawa na abin da aka sani game da gidajen wasan Landan a shekarun 1590 daga littafin lissafin wani mai gidan wasa aka samo shi, Philip Henslowe: wane wasa aka yi, ran nawa ga wata, nawa aka samu, nawa aka kashe a kan tufafi. Don kasuwancinsa ya rubuta, amma ga shi ya zama madogarar masana. Saboda haka ko takardar lissafin tikitinku kar ki yar.

'Yar Aji Uku

Na gode Mama, na tura wa mai zanen fosta ya ƙara shekara da sunan marubuci. Yaya Mai Kyamara, da kyamara ɗaya za a iya naɗar wasa gaba ɗaya ya yi kyan kallo?

Mai Kyamara

Zai yiwu, in an san abin da ake nema. Ki kafa ta a kan ƙafarta a bayan zaure, a tsakiya, sama da kawunan mutane, ta ɗauki dandamalin gaba ɗaya, kar kowa ya taɓa ta har a gama. Abin da na fi gani shi ne mai ɗauka ya riƙa bin wanda ke magana yana jawo fuskarsa kusa. A ƙarshe sai a rasa abin da sauran ke yi, alhali sau da yawa ma'anar fitowar tana wurin wanda ke sauraro. Fuskoki a bar wa wayoyi biyu masu kyau, ɗaya a kowane gefe, a kwance, an rufe musu shigowar kira.

Kar ki bar kyamara ta zaɓa wa kanta haske. Bayan dandamali duhu ne, gaba fitila mai ƙarfi, ita kuwa in ta ga duhu ya yi yawa sai ta ƙara buɗewa, fuskoki su ƙone su yi fari fat. A saita da hannu a kan fuskar ɗan wasa a fitowar da ta fi haske, a kulle. Launin haske da saitin nisa su ma a kulle. Ki gwada tun kafin ranar ko kyamararku tana cikin masu tsayar da ɗauka da kansu in sun kusa minti 30, domin da yawa daga tsofaffin kyamarorin hoto haka suke. In haka ne, darakta ya nuna miki inda ake kashe fitila tsakanin fitowa da fitowa, a nan za a tsayar a sake kunnawa.

Sauti shi ke kashe yawancin bidiyon wasanni. Makirufon jikin kyamara tarin wanda ke zaune kusa da ita zai ɗauka, da motsin kujeru, muryar 'yan wasa kuma can ƙasa-ƙasa. A ajiye na'urar naɗar sauti ko waya a bakin dandamali, wata kuma a jona ta da miksa, wato na'urar haɗa sauti, in ana amfani da lasifika. Da an kunna na'urorin duka, wani ya tafa sau ɗaya a inda kowacce za ta ji. Da wannan tafin mai tacewa zai daidaita hoto da sauti. In kuɗin hannunki abu ɗaya kawai zai iya yi a ɓangaren ajiya, ki yi hayar makirufo mai kyau.

Ki naɗi dare na biyu da na uku. Daren farko fargaba ba ta gama sakin mutane ba.

Mai Fitila

Tunda an zo kan haske bari in sa baki. Roƙona ga masu kyamara, kar a zo mini ana saura awa ɗaya a fara a ce in ƙara haske don bidiyo. Fitowar da aka shirya ta da duhu da gangan aka yi, mun yi makonni da darakta muna auna ta. In aka ƙara haske, wani wasan daban aka naɗa. Mai son hoto mai haske ya zo gwajin ƙarshe, ranar da ake sa cikakkun kaya ba 'yan kallo. Bayan an gama mu sake tsayar da 'yan wasa a fitowa biyar ko shida, in ɗaga masa fitila ya ɗauka son ransa. Fulasha kuwa kar a kunna ta ana wasa, tana ɗauke idon ɗan wasa, a bakin dandamali mai tudu kuma faɗuwa ba wuya. Ko 'yar jar fitilar da ke gaban kyamara a liƙe ta da baƙin tef.

Wasu fitilun LED in an rage ƙarfinsu suna ƙyaftawa da saurin da ido ba ya gani amma kyamara na gani, sai ratsi-ratsi su fito a bidiyo. Ku zo mu gwada tare da wuri, a canza saurin ɗaukar kyamarar har ratsin ya ɓace.

Abin da ya fi damuna kuma shi ne kowa bidiyo, bidiyo. Takardar da na zana inda kowace fitila take rataye, da launinta, da jerin lokutan kunnawa da kashewa, ba wanda ke tambayarta bayan wasa. Littafin mai kula da dandamali ma haka, wanda a ciki aka rubuta ta inda kowa zai shigo, inda zai tsaya, da kalmar da za a faɗa kafin a canza haske ko a saki sauti. Wanda zai sake ɗora wasan nan gaba, littafin nan ya fi masa bidiyo amfani.

Malamin Wasan Kwaikwayo

Na ji daɗin wannan muhawara, kuma Mai Fitila ya kai mu inda nake so. Akwai tsohuwar gardama a fagenmu da ya kamata ku sani. A 1993 wata malama a Amurka, Peggy Phelan, ta kafa hujja cewa rayuwar wasan dandamali tana cikin lokacin da ake yin sa ne kaɗai, da zarar an naɗe shi ya zama wani abu daban. Wasu masana sun yi mata raddi, amma duk wanda ya taɓa zama a zaure sannan ya kalli bidiyon daren ya san akwai gaskiya a maganarta. A zaure kai ke zaɓar inda za ka duba, a bidiyo an riga an zaɓa maka. Abin da na ɗauka daga nan shi ne mu daina sa ran bidiyo zai maye gurbin wasa. Mu tara shaida iri-iri, kowace ta riƙe abin da za ta iya riƙewa.

Bertolt Brecht, marubuci kuma daraktan wasanni ɗan Jamus, haka ya yi. Da ya ɗora Antigone a garin Chur na Suwizalan a 1948, Ruth Berlau ta ɗauki hotuna masu ɗimbin yawa, motsi bayan motsi, aka jera su da bayani aka buga a matsayin littafin samfuri. Daga baya ƙungiyarsa ta Berliner Ensemble ta ci gaba da yin irin wannan ga wasanninta. Hoto ne da bayani kawai, amma har yau darakta na iya buɗewa ya ga yadda aka tsara tsayuwar kowa da dalilin tsarin.

Ku tuna kuma ba kowane wasan jami'a ne ke da rubutaccen littafi ba. Michael Etherton ya fara koyar da wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1975, kuma shi da abokan aikinsa da ɗalibai sun riƙa gina wasanni daga matsalolin mutanen ƙauyuka, irin su Wasan Manoma a Soba a 1977. Abin da ɗalibi ke karantawa a kansu yau, rahotanni ne da maƙalun da waɗanda suka yi aikin suka zauna suka rubuta. In wasanku irin wanda aka gina a ɗakin gwaji ne, wani ya zauna da bidiyon ya rubuta maganganun kalma-kalma kafin 'yan wasa su watse. A kuma naɗi gajerar hira da darakta da mai kaya da mai fitila a makon da aka gama, tun abin yana kansu.

Tsohon Darakta

Malam, na ji hujjarku da ta Hajiya ta laburare. To in za a wahala a naɗa, a bari mutane su gani. Ajiyar da za a kulle a kabad ɗin shugaban sashe, wa ta amfana? A ɗora wasan gaba ɗaya a YouTube bayan dare na ƙarshe. Iyayen da ke nesa su gani, tsofaffin ɗalibai su gani, ya zama tallar wasan baɗi. Gidan wasan National Theatre na Landan tun 2009 yake haska wasanninsa a gidajen sinima, a 2020 lokacin korona ma kyauta ya riƙa sakin su a YouTube, kuma bai rufe ba.

Mai Kyamara

Yaya, waɗancan da kyamarori da yawa suke ɗauka, kuma sai sun yi gwaji na musamman don kyamarorin kafin daren. Bidiyon kyamara ɗaya daga bayan zaure na mai nazari ne. Wanda bai san wasan ba in ya buɗe ya ga mutane ƙanana can nesa, minti biyu zai yi ya rufe, ya tafi da tunanin wasanninku ba armashi. In talla ake so, a tace minti uku masu kyau daga hotunan kusa a saki.

'Yar Wasa

Malamai, ku ba ni dama in faɗi abin da ba a taɓo ba. Mu ne fuskokin da ke cikin bidiyon nan. A zaure, wanda ya gan ni na fito a mashayiya ko muguwar mace ya ga wasan daga farko, ya ga ƙarshenta, ya gan ni na dawo na jeru da sauran 'yan wasa muna gaida jama'a. A intanet daƙiƙa talatin za a yanko, ba suna, ba bayani, ya yi ta yawo a hannun mutanen da ba su san wasa ne ba. Na san wadda ta daina hawa dandamali saboda irin wannan, kuma tana cikin waɗanda suka fi mu iyawa.

Mu ɗalibai ne, koyo muke yi. Wasan da na yi a aji ɗaya ba shi nake so mai ɗaukar aiki ya fara gani ba in ya nemi sunana. Da yawanmu ma kwas ne na dole, maki muke nema, ba mu da damar cewa ba za mu fito ba. Sannan kuma a ce dole sai an yaɗa mu? Ba na ƙin a naɗa. Amma a tambaye mu tun ranar da aka raba wa kowa rawar da zai taka, kuma wanda ya ce a'a kar ya ga sakamakon a makinsa.

Ɗalibin Shari'a

'Yar'uwa ta taɓo inda doka take. Izinin ɗora wasa a dandamali daban, izinin naɗar sa daban, izinin yaɗa shi daban. Kamfanonin da ke ba da lasisin wasanni sukan rubuta ƙarara cewa ba a yarda a naɗa ba sai da wani izinin. A ƙarƙashin Yarjejeniyar Berne ta ƙasa da ƙasa, haƙƙin mallakar rubutu yana nan aƙalla shekara 50 bayan rasuwar marubuci, ƙasashe da yawa kuma 70 suka sa. Ko da wasan ya tsufa har haƙƙinsa ya faɗi, in fassara kuke amfani da ita, mai fassarar yana da nasa haƙƙin. In marubucin yana raye, a rubuta masa, kuma a ajiye amsarsa a kundi. Kiɗan da aka sa tsakanin fitowa ma abin lura ne, domin YouTube na da na'urar da ke gane kiɗan wasu, ta kan toshe bidiyo ko mai kiɗan ya ɗora masa talla.

'Yan wasa su ma duniya ta amince suna da haƙƙi a kan abin da aka naɗa. Yarjejeniyar Beijing ta 2012, wadda ta fara aiki a 2020, a kan wannan take ga ƙasashen da suka shige ta. Shawarata a yi fom na shafi ɗaya mai gurbi uku, kowa ya zaɓi wanda ya yarda da shi: ajiyar sashe don nazari, hotunan talla kafin wasa, da sakin bidiyo a intanet. Masu kaya da masu fitila su ma su sa hannu, aikinsu na ciki.

Ɗan Wasa

Ina girmama maganar 'yar'uwata, amma akwai irinmu da muke son a gan mu. Ni wannan sana'ar nake son yi, kuma duk inda za ka nemi shiga fim ko wata ƙungiya, cewa za a yi turo abin da ka taɓa yi. In mutum ɗaya ya ce a'a, shi ke nan mu sha tara mun rasa?

'Yar Wasa

Ba ka rasa ba ɗan'uwa. A ba ka fitowarka da ka yi kai kaɗai, ko wadda abokin fitowarka ya yarda, ka kai duk inda kake so. Abin da na ƙi shi ne buƙatarka ta zama hukunci a kaina.

Ma'aikaciyar Laburare

Tsakanin kulle kabad da sakin komai a intanet akwai hanya, kuma an daɗe ana bin ta. Tun 1970 laburaren jama'a na birnin New York yake naɗar wasannin dandamali, aikin da wata mata mai suna Betty Corwin ta faro. Ƙungiyoyin 'yan wasa da na ma'aikatan dandamali sun amince ne bisa sharaɗin a je laburaren a zauna a kalla. Gidan tarihin Victoria and Albert na Landan ya fara irin nasa a 1992. Laburaren jami'arku zai iya yin haka: cikakken bidiyo a kalle shi a can, gutsuren da kowa ya amince da su a saki waje.

Ajiyar kanta kuma, kwafi uku ake yi, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki a wani ginin daban ko a ma'ajiyar intanet. Sunan fayil ya fara da shekara, wata, rana, sannan sunan wasa da lambar kyamara. A haɗa da takarda mai sunan kowa da aikin da ya yi, har da wanda ya ɗauki hoton. Abin da kyamara ta ɗauka na asali kar a goge shi don an tace. Faifan CD da DVD da ake kwafa a kwamfuta suna lalacewa ba tare da an sani ba, rumbun ajiya ma na mutuwa, don haka duk bayan 'yan shekaru a buɗe a gwada a sake kwafa. In kuna da tsofaffin kaset na VHS a sashe ku gaggauta juyar da su. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da aka sani yana ƙera na'urar kunna su, ya daina tun 2016.

Kar kuma a ajiye komai a adireshin imel na ɗalibi. Jami'o'i da yawa na rufe shi in mutum ya kammala.

Malamin Wasan Kwaikwayo

Wannan na ƙarshen shi ne babban ciwon sassanmu. Kowace shekara sai a buɗe sabon shafi, domin wanda ke riƙe da kalmar sirrin tsohon ya gama ya tafi. Mabiyan da aka yi shekara ana tarawa su tafi tare da shi, a dawo farko. Shafi da ma'ajiya su kasance da sunan sashe, malami ɗaya da ma'aikaci ɗaya su riƙe mabuɗin, ɗalibai a ba su dama ta zango. Kuma ni a ganina aikin talla da ajiya ya cancanci maki kamar na darakta da na mai fitila. Muddin kyauta ake yin sa, a makon ƙarshe za a riƙa tunawa da shi.

Tsohon Darakta

Na yarda da fom, na yarda da laburare. Amma ina nan a kan bakana cewa wasan da marubucinsa ya ba da izini, kowa kuma ya sa hannu, a sake shi cikakke. Akwai makarantun da ba su da zauren wasa, ɗalibansu ba su taɓa ganin yadda ake amfani da dandamali ba. Ko daga bayan zaure aka ɗauka, za su ƙaru.

'Yar Aji Uku

Allah ya saka da alheri. Ga abin da zan kai wa kwamiti. Kuɗin zai tafi ga buga fosta, hayar makirufo da rumbun ajiya biyu. Zan roƙi mai kaya ta gama tufafin manyan 'yan wasa da wuri don mu ɗauki hotunan talla mako uku kafin wasa. Fom zai zagaya a gwaji mai zuwa. Ba za mu haska kai tsaye ba. Maganar sakin wasan cikakke zan bar ta sai mun ga amsar marubuci da abin da mutane suka zaɓa. Yaya Mai Fitila, namu mai fitilar zan je in same shi gobe in sha Allah mu tsayar da ranar gwajin kyamara, kuma zan roƙe shi takardunsa bayan wasa.

Mai Kyamara

Ƙara wannan a jerinki. A daren da aka naɗa, a daren za a kwafe memori, kafin kowa ya tafi. Kyamarar sashe ce, da safe wani zai iya zuwa ya are ta ya share abin da ke ciki. Kar a goge memorin sai an buɗe kwafi biyu an kalli farko da tsakiya da ƙarshe, an kuma sa abin ji a kunne an tabbatar sautin ya shiga. Ki tanadi batir biyu cikakku da memori na biyu, ki kuma sa mutum ɗaya ya zauna kusa da kyamarar bayan zaure, aikinsa kawai ya hana masu wucewa ture ƙafarta.